Yatsun Anti Jijiya

Sau nawa suka caka miki allurar nan kafin jinin ya fito? Uku? Miƙo hannun in gani. Kai, dubi yadda wurin ya tashi. Kada ki murza, ki danne kawai da audugar, murzawar ce ke sa shi yin baƙi. Wa ya koya min? Ji ja'ira. Shekara goma sha tara na yi ina shara da goge-goge a gidan gwajin jini, tun uwarki na goye. Ban san bihim ba a takarda, wannan gaskiya ne, amma abin da idona ya gani a wurin nan ko mai karatu sai ya zauna ya saurara.

Akwai wata mata da muka yi aiki tare, ita ce mai ɗibar jini. Kowa Anti Jijiya yake ce mata, har Oga mai wurin. Ni kuwa Yaya nake ce mata, don ta girme ni da shekara huɗu ko biyar. Ita kuma ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai Sarauniyar Tsintsiya. In ta so tsokana ta ce, "Ranki ya daɗe, masarautarki ta yi ƙura a ƙarƙashin benci."

Wurin ba wani babba ba ne. In kin shiga, benci biyu ne na masu jira, sai taga inda ake karɓar takarda. Hannun dama ɗakinta ne: kujera ɗaya mai wurin ɗora hannu, tebur, tire na kwalabe, da kwandon zuba allura. Can ciki ɗakin inji, mai sanyi kamar firji, inda wani dogon mutum yake zama, mai inji muke ce masa. Shi ke nan. Ni ce mai buɗe ƙofa da safe, amma sau da yawa in na zo zan same ta a bakin ƙofar tana jirana da jakarta a hammata.

Yadda take aikinta, ban ƙara ganin mai yi haka ba. Za ta ɗaura wa mutum robar nan a dantse, sai ta kau da kanta wajen bango kamar ba ruwanta da hannun. Yatsu biyu ne ke tafiya a kan fata, a hankali, suna lalube. Bakinta kuma na ta zuba. Tana tambayar mutum 'ya'yansa nawa, me yake sayarwa, wa ya ɗinka masa rigar nan. Kafin ya gama ba ta amsa, kwalba ta cika. Na ga wani ƙato, ƙirji kamar ƙofar shago, ya zauna yana gumi yana cewa a dakata ya shirya. Ta ce, "Malam, wannan uban ƙirjin duk na ado ne? Tashi ka ba mai jego wuri, an gama." Ya duba, ga filasta a hannunsa. Jarirai ma daga wasu asibitoci ake turo mata su, waɗanda aka yi ta caka an rasa jijiya.

Ta ce min a wurin ubanta ta samo hannun. Mai gyaran agogo ne. In ƙaramar ƙusa ta faɗi ƙasa, irin wadda ba ta kai ƙwayar yashi biyu ba, ita yake kira tun tana 'yar shekara shida, ta durƙusa ta shafa ƙasa ta ɗauko masa. Ta yi aure, mijin bai daɗe ba ya rasu, haihuwa ɗaya ta yi bai zauna ba. 'Yar ƙanwarta ta riƙe har ta aurar da ita wani gari. Daga nan sai ita kaɗai a ɗaki guda, bayan wani shagon sayar da taya. Gado, risho, rediyo. Ranar da ba aiki ciwon kai take yi. Kujerar nan ita ce mijinta, ita ce ɗanta, ba na jin tana da wani abu a duniya da ya wuce ta.

To kin san kwalaben jini kowacce da launin murfinta. Akwai ja, akwai rawaya, akwai ruwan toka, akwai shuɗi. Ruwan toka ta suga ce. Rawaya a wurinmu ta ƙoda da hanta ce. In aka zuba jini a wadda ba ita ba, aikin ya ɓaci, sai an sake. Wata safiya ina goge ƙasa kusa da ita sai na ga ta ɗaga kwalba tana juyawa a gaban taga. Ta ce, "Sarauniya, ƙwan fitilar nan ya mutu ne? Wannan wane launi ne?"

Na ce, "Rawaya ce, Yaya." Rana kuwa ta fito tarwai, ɗakin ko allura ta faɗi za ki gani.

Bayan kwana biyu ta sake tambaya. Rana ta uku na jira mutane suka watse, na tura ƙofa na ce, "Yaya, idon ne ko?"

Ta ɗauki robar ɗauri tana ninkewa. Can ta ce, "Hazo-hazo nake gani. Mutum ina ganinsa, fuskarsa ce ba na rabewa sai ya matso. In Oga ya ji, zaman ɗaki ya kama ni. Kin san zaman ɗaki kashe ni zai yi."

Na ce ta bari a gwada jininta mana, ga inji nan a bayan bango. Shekara talatin tana ɗibar na mutane, nata ko ɗigo ba a taɓa ɗiba ba. Ta ce, "In na sani, dole in faɗa. In ban sani ba, ba abin da na ɓoye wa kowa." Na ce wannan ai wayon yara ne. Ta ce, "To yarinya ce ni, je ki yi shararki."

Daga ranar muka raba aiki, ba wanda ya sani. Kullum da safe ni zan jera mata kwalabe a tire: ja a hagu, sai rawaya, sai ruwan toka, shuɗi a ƙarshe. Hannunta ya haddace. Abin da likita ya rubuta a gwada kuwa, yarinyar taga ce ke ɗaga murya ta faɗa, tun can haka ake yi. Suna kuma ita take tambayar mutum da bakinsa, ta rubuta a filasta da baƙin alƙalami mai kauri, ta liƙa a kwalba. Rubutu ba sai da ido take yinsa ba, hannu ya saba. Sai dai kullum ƙara girma yake. Mai inji ya leƙo wata rana ya ce, "Anti, rubutun nan naki ƙiba yake yi." Ta ce, "Ya fi ka samun kulawa a gida ne." Aka yi dariya, magana ta wuce. Haka muka yi fiye da shekara, ba a taɓa samun kuskure ba. Ni ma har na saki jiki.

Sai 'yar Oga ta dawo daga karatu. Yarinya ce mai hankali, ba ta da raini, tana gaishe ni har da rusunawa. Ita ta kawo sabon gwaji, na ciki. Ta tara mu ta yi mana bayani. Wai a hanjin kowane mutum akwai wasu ƙananan halittu, ido ba ya ganinsu, ba sa ƙirguwa. Ba tsutsa ba ce, kada ki ce tsutsa. Wasu na taimaka wa mutum narkar da abinci, wasu kuma in sun yi yawa su dame shi. To sai mutum ya kawo ɗan bayan gidansa a wata 'yar roba mai cokali a murfi, a sa a akwatin sanyi, a tura can wani babban wuri mai nisa, bayan sati huɗu ko biyar takarda ta dawo da bayanin su wa da wa ke zaune a cikinsa.

Na ce, "Yanzu duk cin da nake yi, da 'yan haya nake ci?"

Anti ta ce, "Shi ya sa ba kya ƙiba, Sarauniya. Naki sun fi ki hannu."

'Yar Oga ta yi dariya ta ce kada mu ɗauka wannan zai maye gurbin gwajin jini. Shi shawara ce yawanci kan abin da mutum zai riƙa ci. Ciwo na gaske, irin na ƙoda ko suga, jini ne ke faɗa. Don haka duk wanda zai yi na ciki sai ta ce ya haɗa da na jini.

Gwajin bai dame mu ba, in banda ni da aka ƙara wa wankin akwatin sanyi. Abin da ya zo tare da shi ne ya dame mu. Ta kawo kwamfuta, ta ce an daina rubuta suna da hannu. Yanzu taga za ta ba kowa takarda mai sitika shida, kowace sitika da sunansa da lambarsa da wasu zane-zane tsaye. A ɓare a liƙa a kwalbar jini da robar bayan gida. Rubutun kuwa ƙanana ƙwarai, kamar ƙafar tururuwa. Sitikar kowa fara ce, iri ɗaya. Ni ina da ido ba karatu, ita tana da karatu ba ido. A ranar, da muka tashi daga aiki, ta ce min, "Yau kam masarautarki ba ta kai nan ba."

Amma da safe ta zo da dabara. Duk wanda ya zauna sai ta ce, "Riƙe takardarka. Kai za ka ɓare ka liƙa da hannunka, don gobe kada ka ce Anti ta ba ka jinin wani." Mutum ya liƙa, ta karɓa, ta ɗaga kwalbar kusa da fuska kamar tana dubawa, ta ajiye. Mutane suka ji daɗin abin, suna cewa wurin nan akwai tsari. 'Yar Oga ma ta yaba. Ni kaɗai na san ɗaga kwalbar nan ba komai take gani ba. Wata bakwai muna haka.

Sai ranar da wasu 'yan'uwa biyu suka zo, wa da ƙane. Wan direban babbar mota ne, baƙi, kakkaura, muryarsa ta cika wuri. Ƙanen tela ne, shi ne mara lafiya. Fuska ta yi fayau, ƙafa ta cika takalmi, yana tafiya yana hutawa. Tsoron allura yake, shi ya sa wan ya ce to shi ma a gwada shi, komai da komai, har na cikin, don ya ƙarfafa masa gwiwa. Sun zo da robobinsu a leda, ba a liƙa musu komai ba tukuna.

Kin san halin wa. Komai sai ta hannunsa. Shi ya je taga, shi ya karɓi takardu biyun, shi ya shigo gaba. Anti ta ce kowa ya riƙe tasa. Ya ce, "Ba damuwa, Anti, ga tasa nan." Ya riƙe ta sama, ya miƙa wa ƙanen ta ƙasa. Ina tsaye da bokiti, na ga ko kallon takardun bai yi ba. A ransa ai shi ne babba, tasa ce za ta kasance a sama. Shi kuma telan ba zai tsaya bincikar abin da wansa ya miƙa masa ba, a gaban mutane. Ya ɓare ya liƙa, kansa a ƙasa. Anti ta tambayi sunan kowa, kowa ya faɗi nasa daidai, ta ɗaga kwalba, ta ajiye. Na ji wani abu ya ɗan taɓa min zuciya, amma me zan ce? Na ci gaba da goge ƙasa.

Bayan kwana biyu, da hantsi, direban ya dawo shi kaɗai. Ya karɓi sakamakon jini, 'yar Oga ta shiga da shi ofis, ya fito ya zauna a benci. Mutumin da muryarsa ke cika wuri, ga shi yana share ido da hula. Wata tsohuwa a gefensa ta tambaye shi lafiya. Ya ce, "Baba, na kawo mara lafiya, ashe ni ne gawar. Sun ce ƙodata ta kusa tsayawa, in tafi babban asibiti yau. Yaron kuwa garau, wai gajiya ce. Na buga masa waya na ce ya koma kan kekensa."

Ƙofar Anti a buɗe take. Na ji ta ce wa wadda ke kan kujera ta danne auduga ta fita. Sai ta ɗaga murya: "Direba, zo in ga wurin allurar nan."

Ya shigo. Ta kama hannunsa ta shafa tun daga wuyan hannu har dantse. Ta ce ya ɗora ƙafa a kan kujera, ta danna ƙaurinsa da babban yatsa, ta shafa wurin. Ta tambaye shi fitsarinsa yaya, abinci yana shiga, yana amai. Ya ce shi ko jiya kwano biyu ya ci. Ta ce ya koma benci ya jira, kada ya tafi ko'ina.

Ta ce, "Sarauniya, rufe ƙofa."

Na rufe.

Ta ce, "Ni ba likita ba ce. Ana samun mai ciwon ƙoda jikinsa bai nuna ba. Amma hannun yaron nan na shekaranjiya, na danna yatsa ramin ya ƙi tashi, kamar burodin da ya sha ruwa. Wannan kuwa ko'ina tsam. Me kika gani ranar?"

Na faɗa mata yadda wan ya raba takardun.

Ta zauna a kujerar marasa lafiya. Ban taɓa ganin ta zauna a kanta ba sai ranar.

Ni kuwa nan da nan kaina ya kawo hanya, don ni ma tsoro nake ji, da hannuna a ciki. Na ce, "Yaya, abu mai sauƙi. Ki ce wa 'yar Oga kina shakkar jinin, a kira su biyun a sake. Laifin ai na wan ne, shi ya juya takarda, kowa zai yarda. Yaron ya tafi asibiti, ke kina kan kujerarki. Daga yau duk masu zuwa bibbiyu ni zan tsaya a kansu, ɗaya-ɗaya za su shigo."

Ta ce, "Za su yarda, na sani."

Na ce, "To me ya rage?"

Ta ce, "Wata nawa muna sitika?"

"Bakwai."

"Mutum nawa suka shigo min bibbiyu a wata bakwai? Miji da mata, uwa da 'ya. Kin ƙirga? Ni ban ƙirga ba. Wannan an ce masa zai mutu, shi ya sa ya zauna yana kuka har muka ji. Wanda aka ce masa lafiyarsa ƙalau ba ya dawowa, Sarauniya. Gida yake tafiya ya kwanta."

Na ce, "Za su sallame ki."

Ta ce, "Za su sallame ni. Ɗauko min mayafina, ki zo ki tsaya kusa da ni."

Muka shiga ofis. 'Yar Oga tana danna kwamfuta. Anti ta ce, "'Yata, ɗauki kowace takarda a teburin nan ki ɗaga min." Yarinyar ta ɗaga tana murmushi, ta zaci wasa ne. Anti ta ce, "Na ga fari. Ban ga baƙi ko ɗaya ba. Shekara biyu ke nan. Sitikar nan taki ban taɓa karanta ko guda ba. Jinin direban da ke waje na ƙanensa ne, na ƙanen kuma nasa ne. A kira yaron yanzu, kafin ki yi min faɗa."

Yarinyar nan, Allah ya yi mata albarka, ba ta tsaya faɗa ba. Ta fita da kanta ta sa direban ya ɗauko ƙanensa. Kafin azahar suna wurin. Hannun telan ya kumbura, 'yar Oga ta lalubi jijiya ta rasa, mai inji ya zo ya rasa. Sai ta juyo ta ce, "Anti, zo ki ɗiba, ni zan karanta." Anti ta wanke hannu, ta ɗaura roba, ta kau da kai wajen bango. Wannan karon ba ta yi masa hira ba. Sau ɗaya. Shi ne jini na ƙarshe da ta ɗiba a duniya.

Inji ya faɗi abin da yatsunta suka faɗa. A ranar aka wuce da telan babban asibiti. Direban ya rasa murna zai yi ko kuka. Ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa, "Ni na juya, wallahi ni na juya." Anti ta ce, "Kai ka juya, ni kuma aikina ne in gani. Tafi ka bi ɗan'uwanka."

Da yamma Oga ya zo. Ni ya fara yi wa wankin babban bargo, ya ce shekara biyu ina kallo na yi shiru, in da yaron ya mutu fa? Gaskiya kuwa ya faɗa. Bai kore ni ba, amma ya yi wata bai amsa gaisuwata da kyau ba. Ita kuwa bai ɗaga mata murya ba. Ya ce, "Shekara talatin da ɗaya, Anti, ki kasa gaya min?" Ta ce, "Na kasa." Ya sa aka ɗebi jininta a take. Suga ne, ya daɗe yana cinta. Likitan ido daga baya ya ce na hagu ya tafi, na dama za a yi ƙoƙari a tsayar da shi inda yake.

Sai aka shiga neman mutane. 'Yar Oga ta zauna a kwamfuta ta fitar da duk waɗanda suka zo tare suka karɓi sitika a jere tun da aka fara. Gida goma sha ɗaya. Aka yi ta buga waya, ana ba su haƙuri, ana cewa su dawo a sake. Wasu suka zo da faɗa, wani ya ce zai kai ƙara, bai kai ba. Tara daidai suke. Ɗaya an samu musanya, miji da mata ne, matar ce mai suga aka ba mijin magani. Ya yi wata biyu yana sha yana jiri. Aka gyara. Saura gida ɗaya, wata dattijuwa da 'yarta, wayarsu ba ta shiga, maƙwabta suka ce sun yi tafiya.

Takardun gwajin ciki na 'yan'uwan nan kuwa sai bayan sati biyar suka iso, kowa da sunan ɗan'uwansa. 'Yar Oga ta jera su a tebur ta ce kusan abu ɗaya suka faɗa: a ƙara ganye da wake, a rage zaƙi. Direban ya ce, "Yo ai kwano ɗaya muke ci tun muna yara, 'yan hayar ma dangin juna ne." Ta ce na telan kada ya bi ko layi ɗaya, mai ciwon ƙoda likitansa ne zai faɗa masa abin da zai ci.

Aka ɗauko sabuwar yarinya mai ɗibar jini. Oga ya ce Anti ta riƙa zuwa tana koya mata. Ta zo, tana zama a kan wani ɗan tebur a gefe, tana cewa, "Ƙasa kaɗan. Bar kallon, ji da yatsa." Allura kuwa ba ta sake taɓawa ba, ko an roƙe ta. Iyayen jarirai su zo su ce ita suke so, ta ce, "Na ajiye." In an tashi sai ta tambaye ni abu ɗaya: dattijuwar nan ta dawo? In ce tukuna.

'Yar ƙanwarta ta ji labari ta ce za ta zo ta ɗauke ta, ba za ta bar ta ita kaɗai da risho ba ido. Sau biyu tana sa rana Anti na ɗagawa. Ta ce ba inda za ta sai an ga gida na goma sha ɗaya. Har 'yar ta yi fushi ta ce ranar kaza mota za ta zo, ko ta shirya ko ba ta shirya ba.

Ana gobe motar za ta zo, da la'asar, sai ga dattijuwar da 'yarta sun shigo. Maƙwabciya ce ta gaya musu ana nemansu. Anti ba ta zo ba ranar, tana haɗa kaya. Aka ɗiba, mai inji ya ce zai gama da sassafe. Da safe ko tsintsiya ban ɗauka ba, na tsaya a ƙofar ɗakin inji har ya fito. Ya ce, "Je ki gaya mata daidai ne, ba a musanya ba."

Da na isa gidanta na samu an riga an ɗora gado da katifa a mota. Tana tsaye a ƙofar ɗakin da jakarta, 'yar na ta yi mata sauri. Tun kafin in yi sallama ta gane takuna. Na ce, "Yaya, sun zo. Daidai ne." Ta ce telan fa? Na ce wansa ya leƙo shekaranjiya, ya ce kumburin ya sauka, yana zuwa asibiti sau biyu a sati, har ya fara zama a shago.

Garin da aka kai ta da nisa, ni kuma ga aiki ga yara, kullum ina cewa zan je. Shekara ɗaya da rabi sai saƙon rasuwarta ya zo. Don haka maganar da ta yi min a ƙofar nan ita ce ta ƙarshe. Ta sauke ajiyar zuciya, ta miƙa wa 'yar jakar, ta miƙo min hannu a gaban kowa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce:

"To ban kashe kowa ba ke nan. Kama ni, Sarauniya, ki kai ni mota. Ba na ganin hanya."